Shekara Tara Babu Sidi, Ga Tumatinsa Na Neman Bin Sa

Shekara tara ke nan, a ƙarshen damina irin wannan, aka kai Sidi makwancinsa a Dabaga. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma duk wanda ya san mu a Agadas ya san ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da mun tsokani juna ba. Ni ina kiransa Na-rowa, shi yana kirana 'yar birni mai cinye iri. Saboda haka masu karatu ku yi mini afuwa idan kun ji tunawar nan ta fi kama da faɗa fiye da ta'aziyya. Da faɗa muka saba, kuma bana cikina cike yake da shi.

Ba zagayowar ranar kaɗai ce ta tayar mini da shi ba. Lokacin zaɓen iri ne ya zo. Ruwan sama ya ɗauke, zafi ya fara sassautawa da safe, kuma duk mai 'yar garka a bayan ɗaki ya san in bai zuba renon tumati yanzu ba, sanyi zai zo ya wuce ya bar shi yana kallon na wasu. Ni fangali biyu gare ni a bayan madafa, kowane bai wuce tsawon tabarma biyu ba. Ba fili ne ya hana ni ƙarawa ba, ruwa ne. Pampon kartiyenmu, wato unguwarmu, sai ya ga dama yake zuwa, wata rana mu cika bido, wato jarka, wata rana mu tsaya yana ta huci babu ko ɗigo. Fangali biyun nan su ne iyakar abin da zan iya shayarwa, ga kuma iri uku a gabana suna jiran in yanke. Ɗaya daga cikinsu in ban shuka shi bana ba, ko na shuka bai yi ba, ya tafi ke nan, domin a iya bincikena babu wanda ya rage da shi sai ni.

Bari in koma baya kaɗan. Sidi manomin garka ne tun yana yaro, kuma tumati iri uku ya gada a hannun kawu. Akwai Dogo, marar ruwa da yawa, wanda ake yankawa a shanya ya zama kauɗa. Shi ne 'yan ayari ke lodawa su kai Fachi su dawo da dabino da gishiri. Akwai Ƙwan-zabo, ƙanana masu taurin rai, waɗanda ko a bakin wurin wanke-wanke suka faɗi sai sun tsiro. Sannan akwai Gwiwar-raƙumi. Wanda ya raɗa masa sunan nan bai yi ƙarya ba: ga faɗi, ga tsage-tsage, ga tabo, babu wanda zai gan shi a kasuwa ya ce a kasa masa. Fatarsa ba ta da kauri, in ya kwana a hanya fashewa yake. Amma a jefa biyu a tukunya a gani. Miya za ta yi ja ta yi kauri, da wani ɗan tsami-tsami wanda ba ya neman taimakon gwangwani. Da miyarsa aka yaye mu duka, ni da Sidi da ƙannenmu.

Yadda Sidi ke cire iri shi ne abin da ya jawo masa baƙin suna. Idan tumati ya fara 'ya'ya, sai ya bi fangali-fangali yana duba uwar da ta fi lafiya, wadda ganyenta bai nannaɗe ba. A jikinta zai zaɓi 'ya'yan fari, manya, mafiya kyau, ya ɗaura wa kowane zaren kaba a wuya. Daga ranar nan sun haramta. Za su nuna, su yi ja, su yi laushi har su kusa zubewa, yana kallo, kowa na kallo. Sai sannan ya tsinke su ya matse a ƙwarya, ya bar su su yi tsami, ya wanke, ya shanya a kan tsumma a inuwa, ya gauraya da toka ya ƙulle. Ragowar, wato masu matsakaicin kyau da ƙanana, su ne na ci da na kyauta. To ina mutanenmu za su gane wannan? Mu a wurinmu, abin da ya fi kyau shi ake miƙa wa baƙo.

Wata shekara na je Dabaga da wasu ƙawayena biyu, ina ta cika musu baki a mota cewa garkar ɗan'uwana za mu. Muna shiga na hango wani Gwiwar-raƙumi ja wur, ya kai girman tafin hannu, na miƙa hannu. Wallahi da sandar da yake buɗe wa ruwa hanya ya buge mini yatsu, a gaban baƙi.

"Sauke hannunki, 'yar birni. Ba ki ga kaba ba?"

Na ce, "Haba Na-rowa, ko kunyar baƙi ba ka ji?"

Ya ce, "Baƙinki yau za su ci su tafi. Wannan na baƙin baɗi ne."

Ya cika mana kwando da ƙanana, muka dawo ina ta zaginsa a hanya. Ba ni kaɗai ya yi wa ba. Ranar sunan 'yar autarsa Mariyama, tumati ya yi ƙaranci a gidan, ga masu kaba suna lilo a garka, amma ya ce a jiƙa kauɗa a yi miya da ita. Mata suka yi wata guda suna maganar. Mahaifiyarsa da kanta ta taɓa aika masa, ya mayar da ɗan aiken da wasu daban. Ban janye maganata ba har yau, Sidi marowaci ne a kan abin da ya ɗaura wa kaba.

Sai dai akwai rabin labarin da mutane ba sa son tunawa. Kowace shekara, da zarar damina ta ja baya, zai hau kamyon 'yan garka, babbar motar kayan nan, ya shigo Agadas da aljihu cike da ƙulle-ƙullen tsumma. Gida-gida yake bi, namu da na 'yan'uwa da na mutanen da ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su ba, yana ba kowa ɗan ƙullinsa. Bai taɓa sayar da iri ba, ya ce kawu bai sayar masa ba. Mu kuwa mu karɓa mu ce an gode, mu shuka, mu cinye tas, mu jira shi baɗi. Babu wadda ta taɓa damuwa ta ajiye nata, tun da ga Sidi. Hanawar rana ɗaya kowa ya riƙe ta, kyautar kowace shekara kuwa ta zama kamar ruwan rijiya, ana ɗiba ba a tambayar daga ina.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shekarar da ya rasu, lokacin reno ya zo, babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Allah ya taimake ni akwai ragowar ƙullin bara a cikin wata tsohuwar tasa, iri ukun duka, na shuka. Na ce to, daga yau ni ce Sidin kaina. Na samo kaba, na ɗaura yadda na ga yana yi.

A nan na gane cewa ɗaura kaba ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne tsayawa a kanta. Shi Sidi garkarsa tana bayan gari, tana da shinge, shi kuma yana da fuskar shanu. Ni garkata tana tsakiyar gida, a hanyar duk wadda ta shigo gaisuwa. "Salamu alaikum, Hajiya, a sam mana tumati biyu, miya ta tsaya." Kafin in ɗauko mayafi in fito, ta riga ta tsuguna, kuma hannun mutum ba ya zuwa kan ƙarami. In na ce wancan na iri ne, sai a yi dariya a ce, "Ai ga wasu nan da yawa, Hajiya, Allah zai ba da wani." Wadda ta kawo mini kunu ranar da nake kwance, wadda ta zauna da ni a gidan likita, wadda muka yi lakwal, wato makaranta, tare, wace zan buge wa yatsu? Haka kara ta riƙa cin manyan, ni kuma in cire iri daga na ƙarshen kaka, waɗanda zafi ya riga ya dafa. Shekara bayan shekara tsiron na raguwa, 'ya'yan na ƙanƙancewa. Dogo shi ya fara tafiya. Wata shekara pampo ya ɗauke ana tsakiyar reno, ya bushe ƙurmus, ban kuma da na maye. Na yi baƙin ciki, amma na ce ai Gwiwar-raƙumi na nan.

Bara na kwance ƙullinsa na ga abin da ke ciki bai cika cokalin shayi ba. Na zuba duka, don babu abin da za a raba. Kaɗan suka tsiro. Na dasa su, sai ciwon nan mai nannaɗe ganye ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ina cirewa ina ƙonewa, har ya rage uwa ɗaya tak a kusurwa. Ita kuwa kamar ta san halin da ake ciki, ta tashi lafiya lau, ta yi fure, ta ɗaura 'ya'ya uku masu faɗi irin na da. Ranar da na gan su na yi hamdala a fili. Na ɗaura musu kaba tun suna kore shar, na kewaye uwar da ƙaya, na sanar da duk gidan cewa wanda ya taɓa su, ni da shi ne. Na faɗa wa maƙwabta ma, ban ji kunya ba. Suka ce Hajiya ta fara tsufa.

Ana cikin haka Mariyama ta zo gaishe ni, ita 'yar autar Sidi da na ambata. An yi mata aure nan cikin gari, kuma tun da mahaifiyarta ta bi Sidi ba da daɗewa ba, ni take ɗauka uwa. Tana shigowa na gane. Fuska ta yi fari, tana ta tofar da yawu a ɓoye, ta ƙi shayi, ta ƙi abinci. Cikin fari ne, ba za ta faɗa ba, ni ma ba zan tambaya ba. Muna zaune a inuwa idonta ya sauka a kusurwar garka, ya ƙi tashi. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Gwaggo, wancan ba na Baba ba ne?"

Na ce shi ne.

Ta yi ta wasa da bakin mayafi. Sannan ta ce, "Kwana biyun nan ba abin da nake tunani sai shi. Ɗanye, da gishiri da ɗan yaji, yadda muke ci a garka."

Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Da nunannu ne, da na yanka na kwashe 'ya'yan cikin na ba ta naman, kowa ya huta. Amma kore ne, ƙwayar cikinsu ba ta ƙosa ba, in an tsinke su a ranar babu abin da zai tsiro daga gare su. Ga marainiya, ga ciki, ga tumatin ubanta. Kuma duk mun tashi muna jin cewa ba a hana mai ciki abin da ranta ya biya, har tsofaffi na cewa idon wanda ya hana kumbura yake. Na ce, "Mariyama, ki yi haƙuri, waɗannan na iri ne. Ki ba ni 'yan makonni su nuna, ke za ki fara ci. Ga Ƙwan-zabo can ɗanye, in tsinko miki ko kwando ne."

Ta ce, "Ba komai, Gwaggo." Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ba ta ƙara minti goma ba ta yi sallama.

Malam, maigidana, yana zaure yana jin mu. Tsohon direban kamyo ne, mutum ne da zai cire rigarsa ya ba wanda ya yaba ta. Ya shigo ransa a ɓace.

"Yanzu ke, saboda tumati? Yarinyar da ba uwa ba uba?"

Na ce, "Malam, saboda ita na hana. In an ci waɗannan, ita da abin da ke cikinta ba za su sake ganinsa ba."

Ya ce, "Iri ya ƙare a duniya ne? Ga butiki cike da iri a sashe, 'yan fakiti, da hoto ma a jiki."

Na ce ba zan tsinka ba. Ya girgiza kai ya fita, na ɗauka magana ta mutu.

Washegari da hantsi na tafi gaisuwar mutuwa a wata unguwa. Da na dawo, tun kafin in cire takalmi na leƙa kusurwa, kamar yadda na saba. An janye ƙaya gefe, a tsanake, an jingine ta da bango. Zaren kaba uku na ƙasa. Malam da kansa ya tsinke su, ya zuba a aljihu, ya hau moto ya kai mata har gida. Da ɗan gari akan ci gari. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba, tsohuwa da ni, ina kuka kamar an yi mini sabuwar mutuwa. Da ya dawo na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba tun da aka kawo ni gidan nan. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce ya fitar da mu kunya, wata rana zan gode masa. Har yau da nake rubutun nan ban gode ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na tashi ba tsuntsu ba tarko. Labari ya zaga dangi cewa Gwaggo ta hana marainiya mai ciki tumati, sai da Malam ya tausaya. Shi ya zama mutumin kirki, ni na zama abin nuni a wurin biki, iri kuma ya tafi. Wata ƙanwata har da bugo mini waya tana yi mini nasiha a kan abin duniya. Abin duniya! Da ina son abin duniya, da tumatin da ko kyauta ba a karɓa a kasuwa zan tsare?

Da zafi ya fara shigowa na shirya na tafi Dabaga, na ce ko banza gidan Sidi ba za a rasa ƙulli ɗaya a wani lungu ba. Bashir, babban ɗansa, shi ke riƙe da garkar yanzu. Ya tarbe ni da mutunci, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya zagaya da ni. Injin ban ruwa na ta ruri a bakin rijiya, albasa ta cika ko'ina, ga tumati a gefe layi-layi, kowane ɗa kamar ɗan'uwansa, sumul, ja, da tauri. Na tambaye shi Gwiwar-raƙumi. Sai da ya yi tunani tukuna.

"Wai mai fashewar nan? Gwaggo, ai mun daɗe da barinsa. Wa zai ɗora shi a kamyo? Kafin a hau gudro, kan kwalta, ya zama ruwa. Wannan kuwa sati yake yi bai motsa ba."

Na ce, "To ƙulle-ƙullen babanku fa?"

Ya ce shekarar da ruwa ya cika ƙorama ya shiga garka, ya tafi da bukkar da suke ciki. Ya ce yanzu kowace shekara sashe suke saye, don na sashe in ka cire irinsa ka shuka, abin da zai fito ba ya kama da uwarsa. Ya faɗe shi hankali kwance, kamar yana ba ni labarin farashin buhu. Na bi gidaje huɗu ko biyar na tsofaffin da Sidi ke ba iri, kowa ya ce ai ya ɗauka wane na da shi. Na so in ce wa Bashir albasa ba ta yi halin ruwa ba, sai na dubi 'ya'yansa da ke lakwal da bakunan da yake ciyarwa, na haɗiye. Ba shi da laifi, kuma rashin wanda zan ɗora wa laifin ya ƙara mini haushi.

A hanyar dawowa na yi ta tambayar kaina, da Sidi zai ɗaga kai ya ga yau, me zai ce? Injin nan na san zai so shi, don ya sha wahalar jan ruwa har bayansa ya ranƙwafa. Albasar ma ba zai ƙi ba, mutum ne mai son ya ga 'ya'yansa sun ƙoshi. Amma a ce masa manomi na zuwa butiki kowace shekara ya sayo abin da zai shuka, a ce masa akwai tumatin da ɗansa ba ya gadonsa, ina jin sai ya nemi wuri ya zauna. Zai ɗauki ɗaya ya matsa, ya ji tauri, ya yanka ya ga ciki fari-fari, ya tambaya ko na ci ne ko na jifa. Sannan ya juyo kaina, don ni ce a kusa, ya ce duk gidajen da ya bi shekara da shekaru yana rabon ƙulli, a ce an rasa mutum biyu da za su iya cewa a'a? Mun iya kyauta, mun iya kara, mun iya fitar da juna kunya, amma ajiye na baɗi mun bar wa mutum ɗaya, muna kuma zaginsa a kan hakan.

Uwar nan ta kusurwa ba ta mutu nan da nan ba. Na ci gaba da ba ta ruwa don haushi kawai. Furanninta suka riƙa zubewa saboda zafi, sai can ƙasa, ƙarƙashin ganye, ta ɗaura wani ɗa guda, ƙanƙane, a karkace, rana ta ƙona masa gefe. Irin wanda Sidi ko akuya ba zai ba wa ba, balle ya cire iri a cikinsa. Ban ɗaura masa kaba ba, don na lura kaba ita ke nuna wa mutane inda za su kai hannu. Na rufe shi da ganye na yi shiru, ko Malam bai sani ba. Da ya yi laushi na matse shi a ƙwarya, na wanke, na shanya a cikin ɗakina. Ƙwayoyin da suka fito 'yan kaɗan ne, sirara, wasu ma da gani babu komai a cikinsu. Da babu gara ba daɗi. Su ne iri na uku da ke gabana yau, tare da Ƙwan-zabo da wani sashe mai hoton tumati jajir da Malam ya sayo ya ajiye mini a kan tabarma ba tare da ya ce uffan ba. Wannan shi ne irin nasa ban-haƙurin.

In hankali za a bi, zaɓin ba shi da wuya. Na sashe zai yi, zai cika fangali, mu ci mu ba maƙwabta. Ƙwan-zabo ba ya ba da kunya. Wancan kuwa wataƙila ya tsiro, wataƙila ya ƙi, in ya tsiro ma ban san ko zai yi ƙarfin da zai kai ga 'ya'ya ba. Malam ya ce in raba, fangali ɗaya na sashe, ɗaya in haɗa sauran. Amma na ga yadda ciwon ganye ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan, kuma na san ranar da pampo ya ɗauke, bido ɗaya ba ya isar kowa, dole a zaɓi wanda za a bari da ƙishi. In na cika wurin da masu 'ya'ya, ƙafa ba za ta ɗauke daga garkar ba.

Makon jiya Mariyama ta zo yawon arba'in. Allah ya sauke ta lafiya, namiji, aka mayar masa da sunan kakansa, don haka Baba take kiransa. Ta miƙo mini shi, na karɓa na ce, "Kai Na-rowa, ka dawo ke nan?" Aka yi dariya. Ta yi ƙiba, ta yi kyau, kuma babu komai a ranta game da ni, yarinyar kirki ce. Da za ta tafi ta tsaya a bakin garka tana kallon fangalin da na kafce.

"Gwaggo, bana ma za ki sa na Baba, ko? Ki sa da yawa. Ina so in yaron nan ya fara cin abinci, da miyarsa zai fara."

Na dube ta. Ba ta sani ba. Babu wanda ya gaya mata cewa ukun nan da ta ci da gishiri su ne na ƙarshe. A wurinta tumatin Baba abu ne da ke nan kullum, a gidan Gwaggo, kamar yadda dā yake a aljihun Sidi. Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Na dubi jaririn, na ce, "In Allah ya yarda."

Don haka na yanke. Sashen Malam zai jira, Ƙwan-zabo ya nemi bakin wurin wanke-wanke, ya saba. Fangali biyun duka na 'yan ƙwayoyin nan ne, ko da uku ne suka tsiro, kowace ta samu fili da ruwa ta wadata. Miyar gidan nan bana daga kasuwa za ta fito, Malam ya ji da wannan. Na kuma kira maƙeri ya auna bakin garka, zai yi mata ƙofar ƙarfe da kwaɗo, makulli ɗaya, a bakin zanena.

Shekara tara bayan Sidi, in aka auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Garkarsa ta zama ta albasa, bukkarsa ruwa ya ci, mutanen da ya ba iri sun manta da ɗanɗanonsa. Sunansa na wuyan jariri, irinsa na cikin tsumma a ɗakina, kuma ban da tabbacin ɗayan zai rayu har ya haɗu da ɗayan. Ranar Juma'a zan zuba reno. Wadda duk ta shigo bana ta ce miya ta tsaya, zan ba ta gishiri, zan ba ta albasa, zan ba ta kuɗin kasuwa in ina da shi, amma ƙofar nan ba za ta buɗu ba, ko mai ciki ce, ko Mariyama ce da kanta. Na yi wa ɗanta alkawarin miya.